Bencin Da Na Ja Ƙarƙashin Yoyo

Wata Lahadi ce cikin watan Agusta, shekarar da nake aji biyar, ruwa ya kwana uku yana zuba a kan unguwarmu New Bell ba sassauci. Mun isa majami'a da takalmanmu a hannu, zannuwa a tattare har gwiwa, don kwatar unguwa ta cika ta malalo kan hanya. Majami'armu ta katako ce da tsohon rufin kwano, ta 'yan arewa da neman abinci ya kawo Douala, kuma da Hausa ake sujada domin ita ce ta haɗa mu. A ranar ce Inna Saratu za ta fara zaman bencin horo, ni kuwa na san abin da na shirya mata.

Inna Saratu ita ce makaɗiyar tulun zumuntar mata. In ta buga bakin tulun nan, har cikin ƙirji kake jin sa. Bayan mutuwar mijinta ta daina zuwa, ta koma unguwar Ndogbong tana sayar da giya, shekara huɗu ba a ga ko ƙeyarta ba. Da ta dawo ta tuba, dattawa suka yanka mata wata uku a bencin baya, ba ɗaura zanen zumunta, ba taɓa tulu. Ita kuma ta gaya wa Fasto cewa ta yarda da horon, amma in ta ga ba a son ta, za ta tafi tafiyar da ba dawowa.

Mamata ce shugabar zumunta, mace mai tsabta da tsare gida, wadda ko zazzaɓi bai taɓa sa ta fashin Lahadi ba, kuma ba ta bari a manta da hakan. Kullum da safe, bayan Baba ya dawo daga gadi a unguwar Bonanjo, nakan ɗebo ruwa a famfo, in kai niƙan wake, in zauna ina miƙa wa maƙwabta ƙosai Mama tana soyawa. In ciniki ya lafa sai mu yi carafke da 'ya'yan Alhaji mai gidanmu, amma kunnena yana wajen kasko. A nan nake jin ta tana ce wa ƙawayenta kan dawowar Inna Saratu, "Mu da muka tsaya, wawaye ne? A sha daɗin duniya a dawo a ce a buɗe hannu." Na haɗiye maganar nan ɗungurungum. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Mu 'yan mata ke sharar majami'a ran Asabar, kuma na san duk inda kwanon yake yoyo. A Asabar ɗin nan, da sauran suka fita zubar da shara, na ja bencin horo na kai shi daidai ƙarƙashin babban yoyon, na ɗauke bokitin da ake tarawa. Na koma gida ina jin na yi wa Allah aiki.

Ran Lahadin, ana fara waƙa ruwa ya ƙaru. Na waiwaya na ga ɗigon yana sauka a kan ɗankwalin Inna Saratu, yana gangarowa ta wuyanta. Ba ta matsa ba, ba ta ɗaga kai ba, ta ɗauka wannan ma yana cikin horon. Rigarta ta manne mata, leɓenta yana bin waƙar a hankali. Can na ga ta lalubo takalmanta, tana kallon ƙofa.

Mama ma ta waiwaya. Ta dubi bencin, ta dubi inda ya saba zama, sannan ta dube ni. Sai ta miƙe daga sahun gaba da sabon zanen zumuntarta, ta taka har baya kowa yana kallo, ta zauna a ƙarƙashin yoyon ta ce, "Matsa mini, Saratu, pardon." Wata ta tashi ta bi ta, wata ma haka, har bencin ya cika saura suka tsaya a bayansa, ruwa yana dukan su suna waƙa. Fasto ya daɗe yana kallon sahun gaba wayam, sannan ya ɗauki Littafi ya sauko ya yi wa'azinsa daga bakin ƙofa. Ban taɓa jin tsoron Allah irin na ranar ba, kuma Inna Saratu ta ajiye takalmanta.

A hanyar gida na sa ran bulala. Sai da muka yi nisa Mama ta ce, "Ba ke kika ja bencin nan ba, Rahila. Bakina ne ya ja shi, hannunki kawai ya ara."

Yau majami'ar ta bulo ce, da kujerun roba da rufin da ba ya yoyo. Mama ta rasu, kuma Inna Saratu ce ta buga tulu ranar jana'izarta har hannunta ya kumbura. Wani lokaci in ana ruwa nakan yi kewar tsohon kwanon nan. Har gobe a kujerar baya nake zama, kusa da ƙofa, ko da wani zai shigo yana ɗari-ɗari.