Alhamis Ɗin da Ba Mu Je Gayya Ba

Har yau in fura ta wuni ta fara tsami, ba na iya kai ta baki. Ba ƙyama ba ce. Warin ne yake mayar da ni gindin wata ɗorawa a gonar kakana, can ƙauyenmu tsakanin Tambuwal da Kebbe, inda manyan ƙore uku suka yini rufe da faifai ba wanda ya taɓa su. Shekaruna goma sha bakwai a lokacin, ni ne kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon garinmu, kuma kaina ya fi ƙarfin hulata.

Filin da muke wasa na kakana ne, mahaifin mahaifiyata. Saura ce da ya bari tana hutawa a bayan gari, ya ce mu kafa sandunanmu mu yi ta tsalle. Bai nemi komai ba sai abu ɗaya: in damina ta faɗi, ciyawa ta taso, mu haɗu mu yi masa gayya rana guda a babbar gonarsa, mu nome ta tas. 'Ya'yansa maza biyu sun tafi kudu neman abinci sun zauna can, daga shi sai kakata. Shekara uku muna cika alkawarin nan. Kuma wallahi ranar ta fi mana ranar wasa daɗi, don akwai mai kiɗa a bayanmu, akwai fura da nono har sai ciki ya ce ya isa. Kakata takan tsaya a bakin kunya tana kirana angonta, tana cewa nomana na ragwaye ne, ba za ta zauna da mijin da ba ya iya cika mata rumbu ba. Shi kuma tsohon ya ce ai dama ya faɗa mata, ta dawo gare shi tun kafin yunwa ta kashe ta.

A shekarar da nake ba ka labari, gasar ƙauyukanmu ta fara bayan girbi kamar kullum, muka shiga da ƙafar dama. Duk ranin nan ba wanda ya ci mu. Muka je Jabo muka ci, mutanen Dogon Daji suka zo har gida muka sallame su. Muna da wani ɗan gaba, ɗan Fulani, siriri kamar kara, in ya ɗauki ƙwallo sai dai ka bi ƙurarsa. Muna saman tebur, 'yan Kebbe na bin mu daga nesa, har yara sun fara yi mana waƙa a dandali.

To, an ɗaga wasanni saboda azumi, aka sake ɗagawa saboda wata rigimar alkalin wasa, gasar da ya kamata ta ƙare da rani sai ta zarce cikin damina. Daga nan muka fara zubewa. Ruwan farko na sauka, iyayen ɗan gabanmu suka ɗaure kayansu a kan jakuna suka kora shanu, ya zo ya ba ni rigarsa ta wasa a ninke, ya bi su. Sauranmu kuwa duk 'ya'yan manoma ne. Tun asuba muna duƙe da hauya har azahar, la'asar ta yi mu sa takalmi mu shiga fili da ƙugu a ƙage. Rumbuna sun yi ƙasa, tuwon dare ya koma rabi. Rabin lokaci na farko mukan yi abin kirki, a dawo daga hutu ƙafafu su ƙi. 'Yan Kebbe fa? Yawancinsu teloli ne da masu shago da 'yan kabu-kabu, a inuwa suke wuni. Sai kuma tsoro ya shige mu. Da can muna wasa don mu ci, yanzu muna wasa don kada a ci mu, kowa ƙwallo ta zo masa sai ya yi maza ya rabu da ita. Muka yi kunnen doki sau biyu, aka ci mu sau ɗaya, tazarar ta narke saura maki ɗaya.

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar Juma'a, mu da 'yan Kebbe, a filinmu. Kakana kuma ya kira ni zaure ya ce ciyawa ta fara rufe masa gero.

"Abokina, ka shaida ma rundunarka, ran Alhamis. In ta wuce wanga mako, harƙiya ta ci ni."

Na ce to. Na fito ina lissafi. Alhamis a duƙe tun safe har la'asar, Juma'a a fili? Ina! Da na koma na roƙe shi ya ɗaga mana zuwa Asabar, na san zai yi mini tsiya, ya kira ni rago, ƙila ya yarda. Amma ban koma ba, don ina tsoron kada ya ce a'a. Da yamma na tara yaran a gindin raga na ce musu tsoho ya ɗaga gayya sai bayan wasa, kowa ya samu dabarar da zai huta ranar Alhamis. Suka yi ta murna suna sa masa albarka. Shi kuwa ban faɗa masa komai ba.

Ranar Alhamis na kwanta a ɗakin mahaifiyata na ce kaina ke ciwo. Ina jin lokacin da kakata ta wuce ta bayan danga da 'yan matan da suka ɗaukar mata ƙore, tana tambaya ko angon nata ya riga ta fita. Na ja zane na rufe fuska. Da la'asar mahaifiyata, wadda ba ta san komai ba, ta ce in ciwon ya sauka in je in kwaso wa tsohuwa ƙorenta.

Na tarar da kakana shi kaɗai a tsakiyar gona, ba riga, haƙarƙarinsa duk a waje. Kunya huɗu ya nome, daga cikin abin da mu ashirin muke gamawa a yini. Mai kiɗan ya gaji da jira ya tafi tun hantsi. Kakata na zaune gindin ɗorawa, ta zuba tagumi, ba ta kira ni ango ba. Tsohon ya miƙe a hankali yana dafe da ƙugu.

"Kai ɗai ka taho?"

Na ce, "Sun ce sai an gama wasa."

Ka ji ƙarya ta biyu. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, na san kuma ya gane. Sai ya ce, "To. Ɗauki ƙoren, kakarka ta gaji." Na ɗora guda a kai, furar ta kumbura tana tsiyayo mini ta wuya, har gida.

Hutun bai amfana mana komai ba. Ranar Juma'a kakana ya zo kallo kamar yadda ya saba, ya shimfiɗa buzunsa a gefen fili, da busasshen taɓo a ƙwaurinsa. Ni da nake tsaron baya ta wannan gefen, na kasa ɗaga ido. Ƙwallo ta zo, in doka ta ko'ina. Ta wajena aka wuce aka ci mu ta farko, ta wajena aka ci ta biyu. 'Yan Kebbe suka ɗora kofi a kan babur suka tafi suna ta hon.

Maganar ta fashe ne a ƙofar masallaci bayan magariba. Mahaifin golanmu ya ji labarin furar da aka zubar wa awaki, ya kama ɗansa da faɗa, yaron ya rantse cewa kyaftin ne ya ce an ɗaga. Duk aka juyo gare ni, mahaifina na tsaye, ya fara naɗe hannun riga. Kafin in buɗe baki kakana ya ce, "Ku bar yaro. Ni na rikice. Na ce mashi mako mai zuwa, na tashi na ce ma tsohuwa wanga mako. Tsufa ne."

Aka yi dariya. Wani ya ce lallai malam an fara gangarawa. Ni kuma na bar shi a haka.

Gayyar ba ta yiwu ba. Aka kwana huɗu ana ruwa, da ya ɗauke kowa ya ruga tasa gonar. Na riƙa zuwa ni kaɗai ina taya shi, amma harƙiya ta riga ta shaƙe geron, abin da ya girba a shekarar bai kai su tsakiyar rani ba, sai daga gidanmu ake kai musu tuwo. Wannan bai ci mini rai ba kamar ɗaya abin. Mutumin da ake kira in an yi gardamar iyakar gona, don ya san inda kowane dutse yake, sai ya zama in ya yi magana a majalisa a kalli juna a ce, "Malam, ka tabbata? Ko irin ta gayya ce?" Yakan yi murmushi kawai. Shekara shida ya yi bayan nan, bai taɓa tayar mini da zancen ba, ni ma kullum ina cewa gobe zan faɗa wa mutane, har muka kai shi makwancinsa.

Yanzu ba a gayya a garinmu, feshi ake yi, mutum ɗaya da tanki a baya ya gama gona kafin azahar. Filin nan an yanka shi an yi gidaje. Yara a gidan kallo suke ganin ƙwallon Turai, in ƙungiyarsu ta fara sanyi a ƙarshen gasa sai su zo shagona su tambaye ni dalili, wai ni tsohon kyaftin ne. Nakan ce musu gajiya ce, da rashin wanda aka dogara da shi, da tsoro, kuma duk gaskiya ne. Amma makon jiya na ji wani jikan golanmu yana tsokanar abokinsa da ya manta saƙo, yana ce masa mai rikita ranar gayya. Yaron bai ma san wanda ake nufi ba. Tsofaffin da suka yi dariya a ƙofar masallacin nan duk sun tafi, babu wanda zan je in gyara wa. Shi ya sa nake faɗa maka. Kakana bai rikita rana ba, Alhamis ya ce mini, kuma na ji shi sarai.