Sikelin Malam Zamani

Shekara talatin da biyu Malam Zamani ya yi yana koyar da fiziks a wata sakandare kusa da Kagoma, kuma duk wanda ya ratsa ajinsa ya san sikelin nan nasa mai tsatsa. Da kakar citta ta kama, sai ka gan shi ya ɗauro shi a bayan babur. Ya auna ɗanyar citta a gaban yara, a tsattsaga ta, a shanya kan dutse bayan aji. Bayan mako biyu a sake aunawa, ko rabi ba ta kai ba.

"To, ina nauyin ya tafi?"

Su kuwa sun ga E = mc² a allo, sun haddace cewa nauyi kan rikiɗe ya zama makamashi. Sai su ɗauka baki ɗaya, "Ya zama makamashi, Malam."

Dama nan yake jiransu. "Kai, kun ba ni kunya. Ruwa ne ya tashi. Mai ramewar gaske tana sama. Rana ce ke rasa tan miliyan huɗu na jikinta duk daƙiƙa, yana zama haske da zafi, don cittar gidanku ta bushe."

Wayyo, zamani mai daɗi. Amma tun da ya yi ritaya abu ɗaya ke cinsa a rai, ko akwai ɗalibi guda da ya tafi da darasin nan? Bai taɓa jin wani ya ambata ba. Bara ya gaji, ya ɗauki sikelin zai kai wa masu sayen tsofaffin ƙarafa a kasuwar Kafanchan.

A layin masu citta wata mata ta sha gabansa, ta rusuna. Edna ce, tsohuwar ɗalibarsa, wadda ya kayar a jarrabawa har sau biyu.

"Malam, ina za a kai sikelinmu?"

Ya nuna buhunan busasshiyar cittarta. "Ƴata, ina nauyin ya tafi?"

Ta yi dariya. "Ruwa ne, Malam. Rana ce ke ramewa. Duk shanyar da zan yi sai na gaya wa yarana, har sun gaji da ni."

Hawaye suka nemi kunyata Malam Zamani a tsakiyar kasuwa. Ya sauke sikelin a hankali, ya ajiye a rumfarta.

"Ki riƙa shafa masa mai," in ji shi. "Allurar takan maƙale."