Ranar da ƙanena ya nuna mini tsaga a garajina

Shekarun baya, ƙanena ya dawo Gaya da digirin dokta a lissafi. Muka yanka rago, na ce to, an huta. Ko sati biyu bai yi ba ya ce wata jami'a a ƙasar waje ta kira shi aikin bincike na shekara biyu, wai postdoc, kuma suna jiran amsa kafin Juma'a. Aikin kuwa lissafa yadda ƙarfe ke gajiya har ya tsage, duk a cikin ordinatar, wato kwamfuta.

Ni da aka cire daga lakwal a aji biyar aka kai ni koyon sudur, wato walda, don shi ya yi karatu, ni za a faɗa wa ƙarfe? Mahaifiyarmu ta ce tun da babanmu ya rasu magana a bakina take, in na hana ya zauna. Na ce na hana.

Washegari ya biyo ni garaji. Akwai kamiyon albasa da na ɗinke wa shasi, ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, ina ta fariya da aikin. Don in kunyata shi gaban direbobi na ce, dokta, nuna mana inda zai karye. Ya auna nan, ya auna can, ya tambayi nauyin kaya, ya zauna kan taya da na'urarsa har la'asar. Direbobi suna ta tsiya, wai boka ya shiga halwa.

Can ya tashi ya ɗora yatsa gefen wani rami da na huda da hannuna.

"Yaya, ɗinkinka lafiya lau yake. Ramin nan ne ya yi kusa da baki."

Na kankare fenti don in ƙaryata shi. Ga tsaga nan siririya kamar gashi. Direban motar ya daina dariya, don shi zai haye gada da ita zuwa Malanville.

Da yamma na ce wa mahaifiyarmu a bar shi ya tafi, yana cika mini garaji da surutu.

Har yau ban ce masa ya fi ni ba, kuma ba zan ce ba. Abin da na gane kawai, karatun da aka hana ni bai lalace ba, hannun wani ya faɗa. Yanzu in zan huda shasi nakan tura masa hoto, in ce direba ne ya matsa a tambaya.