Rumfar Madara a Kan Dutse

Ƙarfe shida da kwata na safiyar wata Asabar muka tsaya a tashar jirgin ƙasa mu uku: ni, da ɗana, da abokinsa mutumin Shawak, wani gari a yankinmu, wanda suke aiki tare a kicin ɗin wani otal. Ƙasar ita ce Suwizalan. Ɗan nawa ɗan fari ne, ba na kiran sunansa a gida, ba kuma zan rubuta shi a nan ba. Zan faɗi abin da ya faru bi da bi, domin ban iya ɗauko labari daga tsakiya ba.

Na yi aikin wakilin gonar dawa da riɗi a kudancin garin Doka har gwiwoyina suka fara ƙorafi, sannan na dawo gida Gadarif na zauna. Ɗana ya daɗe a Suwizalan. Yana da takardar zama, yana kuma jiran amsar takardar zama ɗan ƙasa. Kafin yaƙin nan na ƙasarmu ya aiko mini da tikiti, ya ce in zo in ga inda yake. Na tafi da jallabiya biyu, da rawani, da dabino cikin jakar leda.

Ranar da na sauka ya zaunar da ni ya karanta mini dokokin tafiya da araha, ni kuwa na ji daɗi, don ina son magana mai tsari. Ya ce kada in zauna a kujerar mai shayi, zama a nan saye ne. Kada in ɗauki kaya a kanti in juya in ajiye kamar ina kasuwar Gadarif. Bayan gida na tasha kuɗi ne, sai a daure a shiga na cikin jirgi. Abinci da yamma ake saye, lokacin da aka manna masa takardar ragi. Kuɗin da na zo da su ya karɓa ya ajiye, ya ce aljihuna ba ya buƙatarsu tunda kullum muna tare. Na riƙe dokokin nan duka. A cikinsu babu inda aka ambaci rumfa.

Tikitin ranar ya saye shi tun da daɗewa, irin mai rahusa wanda in jirginsa ya wuce ka to ya mutu. Guzurinmu burodi ne na jiya, da dafaffen ƙwai, da shayi a filas, da dabinona. Mutumin Shawak ne ya ɗauki jakar. Shi mai surutu ne, tun a tashar ya fara cewa attajirai suna zuwa ƙasar nan su kwana a otal, mu kuma mu wanke musu kwano, ranar hutu mu je mu kalli dutsen da suka biya kuɗinsa. Ammi yake kirana, wato baffa. Ya ce mini, “Ammi, kallo dai har yau ba su sa masa mita ba, ka cika idonka ka kai tsaraba.” Ɗana ya ce masa ya rage murya, ana kallonmu. Wannan magana ta “ana kallonmu” na ji ta a bakinsa fiye da yadda na ji sallama.

Gaskiya ƙasar ta burge ni, kuma ba zan ɓoye ba. Jirgi ya zo a lokacin da aka rubuta. Itacen wuta a jere yake a gefen gidaje, kowane guntu daidai da ɗan'uwansa. Ciyawa an yanke ta har can saman gangare inda na rantse tarakta ba za ta hau ba. Na ce a raina ga mutanen da na yi ta nema a gona ban samu ba. Na so su tun ban yi magana da ko ɗaya ba.

Muka sauka a wani ƙauye a gindin dutse. Akwai akwatunan ƙarfe da ke hawa da mutane a rataye jikin waya, amma kuɗinsu ya fi na jirgin da ya kawo mu, don haka muka kama hanyar ƙafa. A bakin hanyar na ga abin da ya fara ruɗa ni. Wani bututu ne yana zubo ruwa cikin komin dutse, babu mai tsaro, babu makunni, ruwan sanyi kamar daga randa sabuwa. Ɗana ya cika kwalabenmu. Na tambaye shi nawa ne, ya ce kyauta ne, kowa sha yake. Na ce ashe sun san sabil. Ya yi dariya ya ce, “Haka ne, Baba,” yana duba wayarsa.

Wanda bai san sabil ba, ga shi. Kakana ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa zai tafi Makka, ya yi shekaru a hanya, abin da ya rayar da shi shi ne ruwa da abincin da mutane ke ajiyewa a bakin hanya don matafiyi. Da ya zauna a Gadarif, a kan hanyar ta Makka, ya kafa randuna biyu a ƙofar gida ƙarƙashin rumfa, da moɗa a ɗaure. Mahaifina ya gaje su, ni na gaje su. Sabil yana da ƙa'ida. Ba a tambayar mai shi izini, ba a biya, ba a ɗaukar fiye da buƙata, a wanke moɗa a rufe randa, a yi wa mai shi addu'a a wuce. Sau da yawa ana rubuta sunan mamacin da aka yi dominsa a jikin bango. Ɗana ya san wannan duka. Shi ne ya yi ta cika randunan nan kafin ya tafi makaranta.

Hanya ta yi tsayi, gwiwoyina suka fara ƙorafinsu. Na ce su yi gaba su jira ni a bencin da muke hangowa a sama, zan yi azahar in biyo su. Na yi sallata a gefen hanya, shanu masu ƙararrawa a wuya suna kallona. Da na ci gaba kaɗan sai ga wata 'yar rumfar katako, a share tsaf, ƙofarta a buɗe. A ciki akwai ƙaramin firji. Na yi sallama, ba kowa. Na sake yi, na kuma leƙa baya, gidan yana can nesa a gangare. Na buɗe firjin, na ga kwalaben madara a jere, da cuku a naɗe, da ƙwai. A jikin bango an manna takarda mai rubutu da lambobi. Harshensu ban sani ba, lambobinsu ma ba irin namu na Larabci ba ne, na ɗauka sunan mamaci ne da shekarunsa. Akwai akwatin ƙarfe mai tsaga a sama, irin wanda muke ajiyewa a masallaci don mai son taimakawa.

Na tsaya a wurin hawaye na neman zubo mini. Na ce mu ruwa muke ajiyewa, su madara, lalle waɗannan sun fi mu. Na ɗauki kwalba ɗaya na sha. Na ɗauki cuku mafi ƙanƙanta don yaran. Na wanke kwalbar a wani komi da ke gefe na mayar da ita inda take. Na ciro dabino cikin tafin hannu daga aljihuna na zuba a kan firjin don wanda zai biyo baya. Na san mai shi ba musulmi ba ne, saboda haka ban karanta Fatiha ba, na roƙi Allah Ya sa albarka a shanun zuriyarsa. Na rufe ƙofa kamar yadda ake rufe randa, na hau.

Na same su a benci sun buɗe guzuri. Na ajiye cukun a tsakaninmu, na ce ga rabonsu daga sabil. Mutumin Shawak ya daina tauna. Ɗana ya tambaye ni wane sabil, na nuna masa rumfar da hannu. Ya miƙe yana laluben aljihu, amma an riga an makara. Wata mata tana hawowa, mai furfura, da takalman roba na garke, kare yana bin ta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙo wayarta, na ga kaina a ciki, da rawanina, kwalba a baki. Ashe rumfar tana da ido.

Ɗana ya tare ta yana magana da sauri, yana sunkuyar da kai. Ta amsa da gajerun kalmomi, fuskarta a ɗaure. Ni na tsaya a bayansa, na fahimci an yi kuskure, ina jira ya gama bayani in ba ta haƙuri da bakina ya fassara. Sai na ga ya ɗaga yatsa ya taɓa gefen kansa sau biyu, ya ɗan juya shi. Wannan alama ba ta buƙatar tafinta. A Doka ma haka ake yin ta.

Nan take fuskar matar ta saki. Ta dube ni da tausayi, ta matso ta dafa kafaɗata tana magana a hankali, irin yadda ake yi wa jariri. Ɗana ya miƙa mata kuɗi, ta ture hannunsa. Ta ɗauki cukun daga benci ta sa mini a tafin hannu, ta rufe yatsuna a kansa, ta yi murmushi ta sauka da karenta. Kyautar da na ɗauka ta matafiyi ce, a ƙarshe an ba ni ita, amma a matsayin ta mahaukaci.

Na tambayi ɗana abin da ya ce mata. Ya ce ya gaya mata ni baƙo ne. Ban ja ba. Muka ƙarasa hawa, suka nuna mini ƙanƙara a kan duwatsu, na kalla tunda kallo kyauta ne. A jirgin komawa, da ɗana ya shiga bayan gida, na juya wurin abokinsa na ce ya faɗa mini da Hausa abin da aka faɗa a kaina. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, ya ce shi ma a shekararsa ta farko ya taɓa cin abincin kyanwa yana yabon gwangwanin. Ban yi dariya ba. Daga ƙarshe ya sunkuyar da kai ya ce, “Ammi, ya ce tsufa ya taɓa maka kai, wani lokaci ba ka san inda kake ba.” Ya ƙara da cewa in yi masa uzuri, in matar ta kira 'yan sanda sunan ɗana zai shiga takarda, shi kuma takarda yake jira.

Da ɗana ya dawo ya zauna, ya dubi fuskokinmu ya gane. Shi ya fara magana.

“Baba, me kake so in ce? In bari ta ce kai ɓarawo ne?”

“Ka ce mata a garinmu haka ake yi. Ka ce mata akwai randa a ƙofar gidan ubanka.”

“Ba za ta gane ba.”

“Ka gwada?”

Ya juya yana kallon taga. Can ya ce a nan mara lafiya ake yafe wa, ba a yafe wa mai dogon bayani. Na ce to ya yi cinikinsa da araha, kamar tikitinsa. Cukun yana aljihun jallabiyata, da muka sauka na ba abokinsa.

Ban ga laifin matar ba. Rumfarta ce, madararta ce, kuma tsarin da suka yi na barin kaya babu mai tsaro, kowa ya biya da kansa, tsari ne da nake girmamawa har yau. Da an gaya mini da na biya, ko na wuce da ƙishirwata. Kuma matar da ta ture kuɗi don tausayi, ina ganin da an ba ta labarin randa da ta saurara. Wataƙila da ba ta saurara ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ba a ba ta ba. Ɗana yana da kakana a hannu ɗaya, da tafiyarsa da randunansa, a ɗaya hannun yana da yatsa, ya zaɓi abin da ya fi sauri. Na riƙe ma'aikata a gona shekaru masu yawa, an zage ni da tsauri, an zage ni da taurin kai, ba a taɓa taɓa gefen kai a kaina ba sai a gaban wata mata a kan dutse, kuma ɗan cikina ne ya yi.

Ya samu takardarsa bayan na dawo. Yana kira, ina amsa gaisuwa, yana aiko da abin da ya sawwaƙa, ina sa albarka. Maganar rumfa bai sake ɗauko ta ba, ni ma ba zan roƙa ba. Yanzu da yaƙi ya koro mutane Gadarif, randuna biyu ba sa isa, na ƙara ta uku, da hannuna nake cika su da safe. Masu sha ba sa tambayata, ni ma ba na tambayarsu daga ina.

Kai mai karanta wannan, in kana can kuma ka aiko wa tsohonka tikiti, ina roƙonka abu biyu. Cikin dokokin da za ka karanta masa, ka sa rumfar bakin hanya a farko, ka kuma bar masa 'yan kuɗi a aljihu. In duk da haka ya yi kuskure a gaban mutane, ka tsaya a gefensa ka faɗa musu inda ya fito, ko da bayanin zai yi tsawo. Ka bar yatsanka a ƙasa.