Makullin Motata Ya Dawo Jakata

Assalamu alaikum. Masu tambayar ina Malama Asabe ta shiga tun damina, ga ni. Ban mutu ba, ban kuma rikice ba kamar yadda na ji ana yaɗawa a unguwa. Yanar ido ce, kuma an cire ta.

Duk wanda ya san ni ya san ni da tuƙi. Tun rasuwar maigidana Malam nake jan motarsa da kaina zuwa gonar riɗinmu a Assakio, ni da ƙawata Mama Ladi da muka yi ritaya daga koyarwa tare. Da safe mu nufi gabas, rana a ido. Da yamma mu juyo garin Lafiya, rana a ido. Shekara da shekaru ba abin da ya dame ni.

Sai abu ya fara canzawa. A inuwa ina gani ras, har zare nake zurawa a allura. Amma da rana ta bugi gilashin mota sai gabana ya yi fari fat, kamar an watsa min garin rogo. Na yi wa mai wankin mota faɗa, na sayi baƙin tabarau a kasuwa, duk a banza.

Wata yamma muna dawowa bayan ruwa ya ɗauke, kwalta na ƙyalli, rana ta sauko daidai goshina. Sai Mama Ladi ta ƙwalla ihu: "Asabe, keke! Keke!"

Na taka birki da duk ƙarfina. Keke napep ne tsaye a bakin hanya, mata na sauke kaya. Saura ƙiris. Wallahi ko inuwarsa ban gani ba.

Babban ɗana Nasiru ya kai ni shagon masu yanka tabarau. Aka zaunar da ni a ɗaki mai duhu, na karanta haruffan allon nan har ƙasa. Aka ce, "Mama, idonki lafiya lau."

To, in ido lafiya, sai a ce kai ne. Nasiru ya ɗauke makullin mota. Da kunnena na ji yana gaya wa ƙannensa a waya wai Hajiya ta fara rikicewa. Wannan maganar ta fi ciwon yi min zafi. Kafin in ankara har ya kawo dillali yana zagaya motar yana buga tayoyi da ƙafa.

Na fito na ce, "Nasiru, ajiye tuƙi na yarda, ba zan ɗauki ran 'ya'yan mutane ba. Amma kaina ƙalau yake, kuma motar babanku ba mai sayar da ita ina numfashi. Malam dillali, a sauka lafiya."

Ni da Mama Ladi muka hau keke zuwa asibitin ido. Nan ma na karanta allon tsaf. Na ce, "Likita, a ɗakin nan ba ni da ciwo. Ciwona yana kan hanyar Assakio."

Ta yi dariya, ta ɗauko ƙaramar tocila ta haska min ido daga gefe. "To Mama, sake karantawa."

Haruffan suka ɓace ɓat. Sai hawaye, amma na daɗi, don a ƙarshe wani ya ga abin da nake gani. Ta ɗiga min magani ta leƙa da na'ura, ta ce yanar ido ce, ita ke watsa haske a cikin ido, kuma ana cirewa.

Aka gwada suga da hawan jini, aka auna idon. Kuɗin aikin ya cinye riɗina na bana kusan duka, ban yi nadama ba. Wata maƙwabciya ta ce in je wajen mai cirewa a gida da tsinke, ya fi araha. Na ce ta kai nata.

Tsoro kam na ji. Ina farke aka yi aikin, an kashe wurin da allura, an rufe min fuska da ƙyalle, ga fitila a kaina, abin da na fi tsana. Salati kawai nake yi.

Washegari aka kwance bandeji, Nasiru na tsaye a kaina. Abin da na fara gani furfura ce a gemunsa, fal! Na ce, "Af, ashe kai ma ka tsufa? Kawo makullin motarka."

Har nas sai da ta dara. Shi kuwa ya sunkuya ya ce, "Hajiya, ki yafe min. Tsoro na ji." Na yafe, na san tsoron ne.

Daga nan sai ɗiga magani, ba hayaƙin murhu, ba sunkuyo, salla a zaune. Bayan wannan idon ya warke aka yi ɗayan. Ban taɓa sitiyari ba sai da likita ta sake haska min tocilar nan na karanta allon, ta ce, "Mama, hanya taki ce."

Alhamdulillahi. Likita da nas-nas, Allah ya biya ku. Mama Ladi, ihunki ya ceci rayuka, Allah ya bar mu tare.

Tsofaffi 'yan uwana, in rana ko fitilar mota na makantar da ku, ku ajiye tuƙi yau, ba gobe ba, ku je asibitin ido ku faɗi cewa haske ne matsalar. Karanta allo a duhu bai isa ba. Ku kuma 'ya'ya, kafin ku ce iyayenku sun rikice, ku tambaye su me suke gani.

Jiya da yamma na juyo daga Assakio, rana a ido, Nasiru a kujerar gefe ya riƙe ƙofa gam. Tun daga nesa na hango akuya za ta tsallaka, na rage gudu.

Ya ce, "Hajiya, me kuma?"

Shi bai gan ta ba.