Tayin da Aka Yi da Sunana

Firiza nake so kafin azumi. Muna zaune a Kalgo kusa da gidajen hayar ɗaliban jami'a, kuma duk bazara ina kallon su suna yawon neman ƙanƙara da kunun aya mai sanyi. Ni kuwa ba na taɓa kuɗin ruwa, shi ya sa na zaɓi bankin da zai sayi firizar ya sayar mini, in riƙa biya kaɗan-kaɗan.

Ranar da na fara zuwa, ma'aikaciyar bankin ta yi mini bayani a natse. Ta ce akwai maki da ake ba kowa gwargwadon yadda yake riƙe amanar bashi, da shi suke duba mutum. Nawa lafiya lau yake. Ta ce in haɗo takardu in dawo.

Kafin in koma muka tafi Gwandu suna, gidan surukata. Nan maigidana ya saki zancen a gaban ƙaninsa, dillalin tumaki, wanda tun ina amarya muke wasa da shi.

"Matarmu, wa ka saye a rumfa ta hwarko?" in ji shi. "Ko tunkiya sai an zagaya an taya. Kawo waya da lambar BVN, in taya maki wurare mu ga mai sauƙi."

Na ce a bari. Inna, uwar maigidana, ta ɗago kai daga tsintar shinkafa ta ce, "Ba shi mana, ɗiyata, ai taimako za ya yi." Wace suruka ce za ta yi musu a nan? Na miƙa. Ya shige zaure da wayata, mu muna fama da tukwane.

Da na koma banki, ma'aikaciyar ta daɗe tana kallon kwamfuta.

"Hajiya, wurare nawa kika nemi bashi kwanan nan?"

"Ko ɗaya."

Ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Sunana ne, a jere, a wurin masu ba da bashi ta waya, dukkansu masu cin ruwa. Ta ce duk inda aka nema ana rubutawa, ko an karɓa ko ba a karɓa ba, kuma mai nema ko'ina a lokaci ɗaya kallon wanda ya matsu ake yi masa. Maki ya faɗi. Sai dai in dakata wasu watanni.

Ban yi kuka don firiza ba. Ni da nake tsallake ko adashin da na ga alamar ƙari a cikinsa, an ɗauki sunana an kai ƙofar masu riba ana ƙwanƙwasawa. Har bankin ma na ji haushinsu. Tambaya ce kawai aka yi, su kuma suka rubuta ta laifi, ba wanda ya kira ni ya ji ko ni ce.

Na kira ƙanin maigidana a waya. Dariya ya yi.

"Haba matarmu, ko kwabo ban amsa ba. Tayi ne hwa."

"Tunkiyarka ce ni?"

"To mi ya yi zahi? Ki sake wani banki."

Wani bankin ma maki ɗaya zai gani, amma ban tsaya koya masa ba. Na kashe wayar.

Azumi ya zo da zafinsa. Kullum da la'asar nakan aika a sayo mana ƙanƙara a gidan maƙwabciya, ɗaliban nan kuwa a layi a ƙofarta. Na roƙi Allah ya cire mini ƙullin abin, har yau bai gama fita ba.

Ranar Sallah ƙanin maigidan nawa ya zo da 'ya'yansa. Na zuba musu shinkafa da nama, na ba yaran goron Sallah, don su ba ruwansu. Ya wanke hannu ya ce wai ana rabon wani tallafi, in kawo lambar ya saka ni.

"A'a, Malam," na ce.

Ya dubi maigidana, ya dube ni. Ban taɓa kiran sa Malam ba. Na kwashe kwanuka na shiga ɗaki.