Doña Chencha da Ƙwai Goma Sha Tara

Ladabi ne ya kusa kai ni gidan yari. Wata safiyar Talata na tarar karnuka sun tone ramin kunkurun teku a bakin ruwa, sun cinye na ci, saura ƙwai goma sha tara. Na kore su, na kwashe ƙwan a malafata, na nufi shingen Doña Chencha, dattijuwar da ke kula da ƙwan kunkuru. Sai ga Saje Eleuterio da 'yan sanda biyu. Tsoro ya sa na kifa malafar a kai. To mu a garin nan ba a wuce hukuma ba a ɗaga hula ba, kuma hannuna bai yi shawara da ni ba. Na ɗaga. Ƙwan kunkuru ba ya fashewa kamar na kaza, don haka suka gangaro ta kafaɗuna ɗaya bayan ɗaya, Saje yana ƙirgawa da ƙarfi.

Ƙwai ɗaya ma aka kama ka da shi, doka ta ce ɗauri ne, yana iya kai shekara tara. Da aka kai ni ofishin 'yan sanda, na ce a kira Chencha.

Crescencia sunanta, amma ko limamin cocinmu ya manta. Tun tana shekara goma uwarta ta koya mata bin sawun kunkuru da sanda, tana soka yashi har ta ji inda ya yi laushi. Shekara ashirin tana kai ƙwai kasuwa a ƙarƙashin busasshen kifi, maza suna sha da lemon tsami da barkono suna cika baki a kan ƙarfin da ba su da shi. Da ƙwan ta aurar da ƙannenta biyu. Da dokar hana kwasar ƙwan ta zo, ta ƙara shekara uku tana wasan ɓuya da hukuma, har ranar da ta yi sati tana yawo ba ta ga sawu ko ɗaya ba. Ta zauna a kan yashi ta yi lissafin da ba wanda ya koya mata: kunkuru na ƙarewa. Da masu kula da teku suka zo neman wanda ya san ramuka, kowa ya nuna gidanta.

Yanzu ita ke da takardar izini, da shinge na raga inda take sake binne ƙwan da ke cikin haɗari. Takardar nan ita ce gonarta, ita ce mutuncinta, kuma rabin gari jira suke su ce tsohuwar ɓarauniya ta koma ruwa.

Ta iso ofishin da ƙullun masara a hannu. Ita ta riƙe 'yata ranar baftisma, don haka bisa al'adarmu compadre take ce mini, ni kuma in ce mata comadre.

"Compadre Melitón, kai ne ka yi ƙwai? Sannu da arziki."

Saje ya tura mata takarda. "Doña, ya ce wurinki zai kai. In kin sa hannu kuma ta tabbata ƙarya ce, izininki ya tafi tare da shi. Kuma a kansa muka samu, a ɓoye."

Ta goge hannu a zane, ta ɗauki ƙwan ɗaya ɗaya tana dubawa a hasken taga, ba ta ko kalle ni ba. Ni kuwa ina ta tuna duk tsiyar da na taɓa yi mata a shagon askina.

"Saje, ɗana, matso in koya maka sata. Rami ɗaya ƙwai ɗari ne, wane ɓarawo ne zai tafi da goma sha tara? Ga shaidar haƙorin kare a uku, wa zai saya? Ɓarawo wanke su yake yi, waɗannan da yashinsu. Kuma ina kuka tare shi?"

"Bayan coci."

"Kasuwa tana gabas. Bayan coci ba kowa sai ni da kaburbura."

"Doña, kin san aikin nan da yawa."

"Ubanka abokin cinikina ne. Kullum dozin biyu, ranar Asabar."

'Yan sandan suka juya suna tarin ƙarya. Ta karɓi biro, ta rubuta sunanta a hankali, harafi harafi, yadda ta koya bayan ta haura arba'in.

Saje ya sake ni. A hanya ta sa ni riƙe bokitin ƙwan da hannu bibbiyu, tana faɗa: ƙwai in ya kwana a rami ba a juya shi, balle a yi masa rawa a kan sanƙo. Ta haƙa rami da hannunta, tsawon damtse, ta jera su, ta rufe, ta kafa itace da kwanan wata. Ta ce in biyar sun fito bayan kwana arba'in da biyar, to Allah ne.

Da na ga hankalina ya dawo jikina sai bakina ya dawo. Na ce, "Comadre, ashe haka kika yarda da gaskiyata, har kika sa takardarki a wuta saboda ni?"

Ta karkaɗe yashin gwiwarta.

"Gaskiyarka? Ban taɓa ganin ta ba, compadre. Wautarka na yi wa shaida. Ita ce shekara talatin ba ta taɓa ba ni kunya ba."